Matattun Don Aniello Masu Gumi

A unguwarmu ta Sanita, cikin birnin Napoli, in ka tambayi gidan Don Aniello ba mai ba ka lambar gida, sai dai a ce maka ka nemi gashin baki, mai shi yana bayansa. Gashin bakin nan shi ne dukiyarsa, shi ne kuma sana'arsa, don wata sana'ar dai ba mu san shi da ita ba. Ya miƙe masa hagu da dama kamar ƙahon sa, kullum da safe sai ya murza shi da man zaitun kafin ya yi wa kowa magana. Tun ranar da aka binne mahaifinsa, wanda shi ma haka nasa yake, reza ba ta sake bi ta wurin ba. Matarsa Donna Nunzia takan ce ta haifa masa 'ya'ya ta aurar da su, amma har yau ba ta taɓa ganin leɓen mijinta na sama ba, labari kawai take ji cewa akwai.

Bayan gashin baki, abin da ya fi so a duniya shi ne matattu. Mu nan duk wanda ya buga ƙafa da ƙarfi a ɗakinsa, to kan kakan wani ya taka. Girkawa suka fara yankar dutsen ƙasa suna gina gari a sama, Kiristocin farko suka sassaƙa ramuka suka jera nasu matattun, annoba ta zo ta cika sauran wurin, lokacin yaƙi kuma iyayenmu suka sauka suka ɓuya tare da su. Kowane yaro ya san wannan. Don Aniello ma ya sani, sai dai a bakinsa Girkawan ne suke gudun jiragen yaƙi, annobar kuma wani bishop ne ya kore ta da tsintsiya. Kullum yana bin bayan samarin da ke zagawa da baƙi cikin manyan ramukan da ke ƙarƙashin coci, suna bayani yana gyara musu. Ranar da ya nuna wa wasu Jamusawa hoton waliyyi a bango ya ce kawunsa ne, sai samarin suka raka shi har bakin ƙofa cikin ladabi, suka roƙe shi ya je gida ya huta.

Kafin ya iso shagon kofi labari ya riga shi. Mast Saverio mai aski, wanda ya yi shekaru yana kallon gashin bakin nan yana haɗiyar miyau, shi ya fara.

"Don Anie, an ce yara sun koro ka daga lahira."

"Ni na baro su. Matattunsu sun gaji, kowa ya gan su. A ƙarƙashin gidana akwai waɗanda ido bai taɓa gani ba."

"Kun gaisa ne?"

"Ina jin tarinsu."

Shago ya kwashe da dariya, har da mai haɗa kofi. Dariyar nan ce ta hau masa ka. Ya miƙe, ya kama gashin bakinsa da hannu biyu, ya ce in Ranar Matattu, wadda ake tunawa da mamata, ta zo ba a ga layin mutane daga ƙofarsa har famfon unguwa ba, sun zo ganin matattunsa na kansa, to Saverio ya aske wannan a bainar jama'a. Saverio ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce kowa ya shaida. Don Aniello na fita waje ya so ya koma ya ce wasa yake yi, amma ya ɗaga kai ya ga mata sun riga sun fara miƙa wa juna maganar daga baranda zuwa baranda.

Ya ari diga ya sauka ɗakin ƙasa, inda Donna Nunzia ke ajiye kwalaben tumatir. Ya ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne, ya ce nan ne. Sara na farko mai kyau da ya yi, bututun ruwan gidan ya samu. Ruwa ya buge shi ya zaunar, kwalabe suka fara iyo, mutanen bene suka sauko da sabulu a kai suna tambayar wane ɗan albarka ne. Yana tsaye ruwa har gwiwa ya shaida musu cewa ya gano idon ruwan Girkawa. Mai gyaran famfo ya ce Girkawan nan sun iya aiki, don shi ma irin bututun yake sayarwa. Abin da Don Aniello ya samu a wannan rana shi ne mura, wata irin mura mai toshe hanci ruf, da ko tafarnuwa ka dafa a gabansa ba zai ji ba.

Da ɗakin ya bushe ya koma ɗaya bangon. Ya ce wa matarsa wannan karon ya auna, coci ya dosa kai tsaye.

"Kai da kake ɓata tsakanin gado da banɗaki," in ji ta.

"Nunzia, manyan mutane duk haka matansu suka yi musu."

"Su ma kwalaben tumatir suka fasa?"

Ya yi ta sara, dutsenmu kuwa mai laushi ne, ba ya yi wa kowa gardama. Kullum da safe in ya fito shan iska sai ya tarar da Saverio a ƙofar shago yana wasa reza a jikin fata, yana gaishe shi da cewa, "Don Anie, ya gashin bakina ya kwana?" Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, har ya daina bi ta wannan gefen titi.

Wata ranar Talata diga ta wuce ba ta dawo ba. Iska mai sanyi ta bugo fuskarsa. Ya faɗaɗa ramin, ya kunna kyandir, ya rarrafa ya shiga. Ga wani dogon ɗaki sassaƙe cikin dutse, bango duk kantoci, a kan kantocin kuma kawuna ne a jere, mulmulallu, furfura-furfura, sun yi shiru abinsu. Don Aniello ya durƙusa ya fashe da kuka na gaske. Da ya miƙa hannu ya shafa na kusa, sai ya ji danshi.

To kun san abin da wannan ke nufi. Kakanninmu mata sukan ɗauki ƙoƙon kan da ba shi da kowa, su goge shi, su shimfiɗa masa hankici, su yi wa mai shi addu'a don ya samu sauƙin jiran da yake yi tsakanin wuta da aljanna. In ƙoƙon ya yi gumi, ya karɓe ki ke nan, zai kuma tuna da ke a mafarki. Mace takan yi shekaru tana goge ɗaya ba ta ga ɗigo ba. Shi kuwa Don Aniello ga nasa ɗaki guda, kowanne yana naso.

Wani zai tambaya ina ramukan idanu. Shi ma ya tambayi kansa, ya kuma ba kansa amsa nan take: bayin Allah ne, sun juya wa duniya baya, fuskokinsu na kallon bango. Igiyar da ke ɗaure a wuyan kowanne kuma shaida ce cewa shahidai ne, rataye su aka yi. A can ƙurya ya ga wani babba, wanda wani farin abu ya tsiro masa hagu da dama. Ya kai kyandir kusa, ya taɓa nasa gashin bakin, ya sake sabon kuka. Ya samu kakansa.

Donna Nunzia ta ƙi sauka. Ta ce gawa ɗaya da take ciyarwa ta ishe ta. Sai dai da ta zo wanke rigarsa ta sansana, ta tambaye shi a gidan wa yake cin abinci ba da saninta ba. Ya ce ƙamshin ƙarnuka ne, ba kowane hanci ke gane shi ba.

Ya kafa dokoki. Kyandir ɗaya, a hannunsa. Ba ɗaukar hoto, ba taɓawa, ba surutu. Ya ja igiya a tsakani, ya rataya baƙin labule a bakin ramin ta ciki. Baƙinsa na farko wasu mata da miji ne da ya janyo daga layin coci. Yana cikin ba su labarin ratayar shahidai, mijin ya ja hanci ya ce da ɗan guntun yarenmu da ya iya, shi fa yunwa yake ji. Don Aniello ya ce haka tsarki yake yi wa mutum.

Daga nan sai Donna Rusinella ta zo, babbar gwauruwar unguwa, wadda haƙoranta suka tafi amma hancinta yana nan daram. Tana sa kai cikin ramin ta tsaya cak. Ta ja numfashi. Ta daɗe tana kallon Don Aniello, sannan ta yi alamar gicciye ta ce Allah ya jiƙansu, sun kwanta da kyau. Ta roƙe shi ya bar ta ta ɗauki ɗaya, ya kuma ba ta wuri, don akwai maganar da mace ba ta yi wa mamaci a gaban namiji. Ya ji daɗi har kunnensa, ya ba ta kyandir ya fita. Abu ɗaya ya ce, kada a taɓa masa kaka.

Washegari ta dawo da ƙawayenta, duk cikin baƙaƙen kaya, kowacce da hankici, da 'yar wuƙa, da burodi a jaka. Ya tambayi wuƙar ta mene ce, aka ce ta kankare dattin zamani ce. Burodin fa? Sadaka ce ga rayuka. Ya ce lallai tsofaffi su suka san addini.

Ba a jima ba ya lura kawunan suna raguwa. Wanda jiya ya cika hannu biyu, yau ya motse ta gefen bango. Ya ruga shagon kofi ya ba da sanarwar mu'ujiza: zunubi na raguwa, ƙoƙo na raguwa, ranar da ya ƙare ƙaf mai shi ya shiga aljanna. Ya ce akwai wanda saura kaɗan, na Donna Rusinella, don ita ta fi kowa naci. Su kuma gwaurayen kumatunsu suka ciko, wadda ke dogara sanda ta manta da ita a gida. Kuliyoyin unguwa suka tare a ƙofarsa suna kuka, ya ce dabba ta fi mutum gane waliyyai. Saverio ya rage wasa reza.

Ana haka sai ga Mast Eligio ya shigo shagon kofi fuska ba jini. Shi ne mai sayar da cuku a lungun da ke bayan namu, mutum mai ciwon gwiwa da ƙarancin magana. Rumbunsa na ƙasa yana da zurfi, a can ɗakin ƙarshe yake barin cukunsa mafi daraja su yi shekaru suna tsufa, ba ya kuwa sauka sai dole. Ya ce yau ya kai rabin matakala sai ya ji muryoyin mata cikin duhu suna addu'a, a tsakanin addu'ar kuma ana tanɗe baki. Bai san lokacin da gwiwarsa ta warke ba, sai ganin kansa ya yi a titi.

"Matattuna ne," in ji Don Aniello yana murza gashin baki. "Garinsu ya kai har ƙarƙashin shagonka. Kada ka ji tsoro maƙwabci, zan yi musu magana."

"Matattu suna tanɗe baki?"

"In addu'a ta yi musu daɗi."

Mast Eligio bai gamsu ba. Ya ɗingisa zuwa wurin Fada, limamin cocinmu, ya samu alkawarin za a zo a yayyafa wa rumbunsa ruwa mai tsarki ranar Matattu, bayan an tashi daga coci.

Ranar ta zo, kuma gaskiya a faɗe ta, layi ya kai famfo har ya lanƙwasa. Rabi sun zo ganin mu'ujiza, rabi sun zo ganin abin da zai biyo baya. Don Aniello ya sa kwat ɗin aurensa wanda maɓallin ciki ya daina rufuwa, gashin baki ya sha mai yana ƙyalli. Ya zaɓi na gaba-gaba, har da baƙi 'yan yawon buɗe ido da Saverio, wanda ya zo da reza a aljihu ko da za a dace. Gwauraye kuwa tun da sassafe suna ciki wurin rayukansu.

Ya tsaya gaban kakansa da kyandir, ya faro daga Girkawa, ya bi ta kan annoba, ya ɗora tsintsiyar bishop. Da ya ga mutane sun yi shiru sai kansa ya ƙara girma. Ya ɗaga hannu ya fuskanci duhun da ke can ƙarshen ɗakin, inda shi kansa bai taɓa yin ƙarfin halin zuwa ba.

"Ya ku bayin Allah, in kuna jin ɗanku Aniello, ku ba mu alama."

Daga cikin duhu aka yi tari. Sai ƙarar 'yar ƙararrawa. Sai wata murya mai kauri tana karanto addu'a tana matsowa. Kafin kowa ya motsa, ruwa mai sanyi ya fantsamo wa Don Aniello a fuska ya kashe kyandir. Wata baƙuwa ta ƙwalla ihu, wani ya taka kyanwa, Saverio ya rungumi wanda bai sani ba, shi kuwa ɗan bayin Allah ya nemi ramin fita ya ci karo da bango. Sannan aka ji ƙas, wutar lantarki ta haske ɗakin fes.

Ga Fada riƙe da bokitin ruwa mai tsarki. Ga Mast Eligio a bayansa, yatsa a kan makunni. Ga kantoci cike da cuku, irin mai ɗan wuya da ake ɗaurewa da igiya, funfuna ta rufe su, suna nason mai. Ga gwauraye zaune a layi, kowacce da burodi a cinya.

Mast Eligio bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya bi kanta yana juya cukunsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya juyo sai a ga an rarake shi ta baya, saura ɓawo. Da ya zo kan na Donna Rusinella, wanda ke bakin ƙofar aljanna, sai abin ya ruguje a hannunsa.

Don Aniello ya dube ta, ruwa na ɗiga daga gashin bakinsa. "Inna, kin sani?"

Sai da ta haɗiye abin da ke bakinta. "Tun daga bakin rami, ɗana."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Kai ka ce ba surutu. Kuma tun ina yarinya nake goge kawunan matattu, ba wanda ya taɓa ba ni ko loma. Waɗannan ne na farko masu kunya."

Ya yi ƙoƙari, ba a ce bai yi ba. Ya ce sanannen abu ne Girkawa suna binne cuku tare da manyansu. Mast Eligio ya ce shi ne Bagirken, bara waccan ya binne su, kuma daga yau Don Aniello zai toshe ramin nan da hannunsa, ya zame masa gwiwa, ya hau ya sauka da kaya har sai shi Mast Eligio ya ce ya huce. Ya tambayi Fada ko za a iya mayar da albarkar tunda ba fatalwa, Fada ya ce abin da aka yayyafa ya yayyafu. Sannan Mast Eligio ya hango babban nan na ƙurya, shi kaɗai ya tsira, ya karɓi wuƙar wata gwauruwa.

"Kada ka taɓa kakana," in ji Don Aniello, kafin ya tuna.

Dariyar da aka yi ta bi ta rami ta fita titi, ta bi layi har famfo.

A bakin famfon aka yi shari'a. Saverio ya ce ba matattu, saboda haka gashin baki nasa ne. Don Aniello ya ce a dubi layi, ga shi nan har yanzu bai watse ba. Barandu suka rabu biyu, ana ta jifan juna da magana ta saman igiyoyin shanya. Aka ce Fada ya raba gardama. Ya ce rantsuwar tana da ƙafa biyu, layi da matattu, ɗaya ta tsaya ɗaya ta karye, don haka a aske rabi.

Aka fito da kujera aka zaunar da Don Aniello. Da sabulu ya taɓa fuskarsa sai bakin nan da bai taɓa rufuwa ba ya rufu. Ya tuna mahaifinsa, kunya da tsoro suka kama shi, don shi kansa bai san wane ne zai fito daga ƙarƙashin gashin ba. Hawaye suka gangaro cikin kumfa. Saverio, da ya jira wannan rana shekara da shekaru, ya yi aikinsa a hankali ba tare da tsokana ko ɗaya ba. Gefen hagu ya faɗi a kan tawul.

Mutane suka buɗe baki za su yi dariya sai suka ga Donna Nunzia ta ratso su, hannunta duk garin fulawa. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Ashe akwai," ta ce. Ta goge masa sauran kumfar da gefen zanenta. "Irin na autarmu ne sak. Duk shekarun nan ina ta tunanin inda yarinyar ta samo shi."

Mast Eligio, wanda fushinsa ba ya hana shi sanin ya kamata, ya riga ya yanka babban cukun yana rabawa, tunda an fasa an fasa. Ta karɓi yanki ta tura wa mijinta a baki ta gefen da ya buɗe. Ƙarfin abin ya hau masa ka, ya yi wata atishawa da ta tashi tattabarun famfo, hancinsa ya buɗe karon farko tun ranar idon ruwan Girkawa. Ya tauna, ya lumshe ido. Saverio ya tambaye shi ya ya ji kakan nasa.

Don Aniello ya kai hannu hagu bai samu komai ba, ya koma dama ya murza abin da ya rage.

"Ya ɗan yi gishiri," ya ce. "Amma mu a danginmu haka muke. Ba a sanin darajarmu sai mun kwana biyu a ƙasa."